KARO-KARO, KYAUTA DA RANCE A GIDAN GANDU

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya halicci ɗan Adam mabuƙaci ga ɗan'uwansa, ya sanya taimakon juna ibada, ya haramta cin amana. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa ya shafi zaman tarayya, wato zaman da magidanta da yawa suke yi a cikin katanga ɗaya, suna shiga ta zaure ɗaya, suna sha daga rijiya ɗaya. Muna so mu san yadda ya kamata a raba nauyin hidimar gida, da kuma yadda ya kamata a karɓi gudunmawar wanda Allah ya hore wa a cikinmu. Dalili kuwa shi ne, da yawa daga cikin rigingimun da ake kai wa limamai da hakimai, in aka bi diddiginsu, sai a tarar wani kuɗi ne ya shigo gida shekaru da dama da suka wuce ba a faɗi matsayinsa ba. Mai bayarwa ya ɗauke shi rance, masu karɓa sun ɗauke shi kyauta, kowa kuma ya ji nauyin tambaya.

YADDA KAKANNINMU SUKA TSARA GANDU

A ƙasar Arewa, daga Dogon Kiriya da Sukukutan da Matankari har zuwa Kiyeshe da Dogon Dutsi, da Kore Mai Ruwa da Tibiri da Dumega da Gesheme, zaman gandu shi ne asalin zamanmu. Mai gida da ƙannensa da ƴaƴansa suna noma gonar gandu tare a kwanaki sanannu na mako, sauran kwanakin kuma kowa ya nufi gamanarsa. Abin da aka samu a gandu na rumbun gida ne. Daga gare shi ake ci, ake biyan lanho, ake ɗebe iri, ake yi wa samari auren fari. Abin da aka samu a gamana kuwa na mai ita ne, namiji ko mace. A gidaje da yawa akan rufe babban rumbu bayan kaka, ba a buɗe shi sai damina ta faɗi, domin masu noma su sami abin ci.

Hikimar wannan tsari ita ce kowa ya san iyaka tsakanin na gida da na kansa. Damin hatsi abu ne da ido yake gani, yaro da babba sun san rumbun da ya shiga.

Yau al'amari ya sake. Jama'a ta ƙaru, gonaki sun tsuke. Ƙidayar shekarar 2012 ta sami mutum sama da 370,000 a gundumar Dogon Dutsi, da kimanin 270,000 a gundumar Tibiri, wadda aka cire daga Dogon Dutsi a shekarar 2011. Fari na 1973 da na 1984, da ƙarancin abinci na 2005, sun koya wa samarinmu hanyar cin rani zuwa Yamai da Sakkwato da Legas da Kwatano da Abijan. Yanzu abin da yake riƙe da gidaje da yawa kuɗi ne, kuɗi kuwa ta waya yake zuwa, daga mutum ɗaya zuwa ga mutum ɗaya, ba mai ganin shigarsa. Hidimomi ma sun ƙaru: kuɗin famfo, kuɗin wuta, kwanon rufi, siminti, man injin ban ruwa a lambunan Dallol Mawri. Tsohon tsari bai san waɗannan ba, saboda haka wajibi ne mu koma ga Shari'a mu ga abin da ta tanada.

ASALIN TARAYYA A MUSULUNCI

Allah (SWT) ya umarce mu da taimakon juna a kan aikin alheri da taƙawa a Suratul Ma'ida, aya ta 2. Imamul Buhari kuma ya buɗe babin tarayya a cikin Sahihinsa da maganar haɗa guzuri. A nan ya kawo labarin Ash'ariyawa, mutanen Abu Musa (RA), waɗanda idan abinci ya yi musu ƙaranci sukan tara abin da ya rage wa kowa a mayafi ɗaya, sa'an nan su raba daidai da ma'auni ɗaya. Manzon Allah (SAW) ya yabe su a kan haka har ya jingina su ga kansa. Ya kuma kawo labarin rundunar Abu Ubaida (RA), mutum 300, waɗanda guzurinsu ya ƙare a hanyar bakin teku, sai shugabansu ya sa aka tara sauran wuri ɗaya yana raba musu kaɗan-kaɗan, har abin ya kai ga dabino ɗaya ga kowane mutum.

Wannan ya nuna mana cewa rumbu ɗaya da asusu ɗaya suna da asali a addini. Amma fa Alƙur'ani bai ɓoye mana haɗarin tarayya ba. A Suratu Sad, aya ta 24, a cikin ƙissar Annabi Dawuda (AS), an bayyana cewa da yawa daga masu haɗa dukiya sashensu yana zaluntar sashe, in banda masu imani da aikin ƙwarai, su kuwa kaɗan ne. Hausawa ma sun ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Maganin wannan shi ne mu rarrabe kuɗin da yake shiga asusun gida kashi uku, kowane da hukuncinsa.

NA FARKO: KARO-KARO

Karo-karo shi ne abin da ya hau kan kowane magidanci saboda yana cin moriyar abin tarayya. Wanda ya biya bai yi wa kowa alfarma ba, wanda kuma ya ƙi biya alhali yana da hali, ya ci haƙƙin ƴan'uwansa. Abin tambaya shi ne, da wane ma'auni za a raba?

Malamanmu na Malikiyya sun san ma'auni biyu. Wani abu ana raba shi bisa yawan kawuna, kamar ladan mai raba dukiya tsakanin masu tarayya. Wani kuma ana raba shi bisa gwargwadon rabon mallaka, kamar haƙƙin shufu'a, wato fifikon da abokin tarayya yake da shi na sayen kason ɗan'uwansa kafin bare. Daga nan muke ganin ya dace a ce: abin da ake ci ya ƙare, a raba shi bisa masu ci, abin da yake dawwama a jikin gida, a raba shi bisa masu mallaka.

Ga misali. A ce gida ne mai sassa huɗu da famfo ɗaya, takardar ruwa ta zo jika 12. Sashen farko mutum 3 ne, na biyu 5, na uku 6, na huɗu 10, jimla 24. Idan aka ce kowane sashe ya kawo jika 3, to mai mutum 3 ya ɗauke wa mai mutum 10 nauyi ba da saninsa ba. Idan kuwa aka raba bisa kawuna, dala 100 ke nan a kan kowane mutum: na farko jika 1 da rabi, na biyu jika 2 da rabi, na uku jika 3, na huɗu jika 5. Mai sayar da ruwan sanyi ko mai shayar da shanun kiwo daga wannan famfo, sai a ƙara masa wani abu da yardar kowa. Haka kuma takardar wuta, mai firji ba daidai yake da mai ƙwai ɗaya ba.

Misali na biyu. A ce katanga ce ta faɗi a damina, gyaranta jika 80, gidan kuwa na gado ne da ba a raba ba, magadan maza 3 da mata 2, ba kowa bayansu. Rabon gado a nan kashi 8 ne, sai kowane namiji ya kawo jika 20, kowace mace jika 10, ko tana zaune a gidan ko tana ɗakin mijinta, domin katangar tana tsare mata kasonta. Amma mu sani, wanda muka nemi kuɗin gyara daga gare ta, ba mu da bakin hana ta kasonta ranar rabo.

Idan ɗaya ya ƙi fa? Muhtasar na Shaihu Halilu ya yi bayanin cewa abokin tarayya a cikin abin da ba ya rabuwa ana hukunta masa ko dai ya yi gyara ko ya sayar da kasonsa. Ya kuma kawo mas'alar dutsen niƙa na tarayya wanda ɗaya ya gyara bayan sauran sun ƙi: abin da yake samarwa na dukkansu ne, sai dai mai gyaran ya fara cire abin da ya kashe. Wannan hukunci ya dace da injin niƙa da amalanken da ƴan'uwa suke haɗa kuɗi su saya a yau.

Wanda kuma ba shi da hali, kamar tsoho, da mara lafiya, da wadda mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, kada a kunyata shi a gaban jama'a. Ko dai a yafe masa a fili da yardar kowa, ko a karɓi aikin hannu a madadin kuɗi, kamar yaɓe da yashe rijiya. Dukiyar mace kuma tata ce. Ciyarwa da wurin kwana suna kan miji, saboda haka ba a ɗaukar akuyarta ko hatsin gamanarta a cike gurbin karo-karon mijinta sai da yardarta.

NA BIYU: KYAUTA, SADAKA DA WAKAFI

Wannan shi ne abin da mutum ya ƙara bisa abin da ya hau kansa, don raɗin kansa. Kafin gida ya karɓa, akwai abubuwa shida da ya kamata a duba.

1. Ya kasance halal ne, kuma mallakar mai bayarwa ne. A labarin hijira wanda Buhari ya ruwaito, filin da aka gina Masallacin Madina na wasu marayu biyu ne, Sahlu da Suhailu. Sun so su bayar da shi kyauta, amma Manzon Allah (SAW) bai karɓa ba har sai da ya saya daga gare su. In haka aka yi da filin masallaci, to babban wa ba shi da ikon yin kyauta da gonar marayun ƙanensa, ko da a kan alherin gida ne. Suratun Nisa'i, aya ta 10, ta isa gargaɗi.

2. Ya kasance da daɗin rai. Dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da yardarsa, malamai kuma sun ja kunne a kan abin da aka karɓa da ƙarfin kunya. Tsayar da ɗan cin rani a tsakiyar taron suna a ce ya faɗi abin da zai bayar, alhali an san ba zai iya cewa a'a ba, tilas ce a cikin rigar roƙo. A same shi shi kaɗai, a gaya masa buƙata, a bar shi da zuciyarsa.

3. A karɓa a hannu. A mazhabar Imamu Malik, kamar yadda Risala ta Ibnu Abi Zaidin ta bayyana, kyauta da sadaka da hubusi ba su cika sai an mallake su a hannu. Idan mai kyauta ya rasu kafin haka, abin ya koma gado. Idan kuma a ciwon ajali ya yi ta, daga sulusin dukiyarsa za a fitar, kuma ba a yin haka ga magaji. Saboda haka wanda ya ce ya ba gida saniya, alhali tana turke a sashensa yana shan nononta har ya rasu, magadansa suna da hujja.

4. A faɗi nau'inta. Kyauta zalla daban take da kyautar da ake jiran sakayyarta, irin ta biki, wadda Malikiyya suka ba ta hukunci mai kama da na ciniki. Wakafi kuma daban: asalin abin yana nan, ba a sayarwa, ba a gado, moriyarsa kawai ake ci, kamar yadda Sayyidina Umar (RA) ya yi da gonarsa ta Haibara, da yadda Sayyidina Usman (RA) ya sayi rijiyar Ruma domin Musulmi. Wanda ya gina rijiya a gida ya faɗa a fili: ta mutanen gida ce kawai, ko har da maƙwabta da baƙi?

5. Kada ta zama sanadin zalunci. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashiru (RA) ya nuna Manzon Allah (SAW) ya ƙi shaidar kyautar da uba ya keɓe ɗa ɗaya da ita. Uban da ya gina wa ƴaƴan amarya ɗakunan siminti da sunan gyaran gida, ya bar na uwargida a jinka, ya shuka abin da ƴaƴansa za su girba bayansa.

6. Kada ta sayi mulki. Suratul Baƙara, aya ta 264, ta hana ɓata sadaka da gori da cutarwa. Wanda ya sa wa gida hasken rana ko ya jawo famfo, ladansa yana wurin Allah, godiyarsa tana kanmu, amma maganarsa a zaman shawara ɗaya ce kamar ta kowa. Idan muka bari mai kuɗi ya zama shi ne mai yanke magana, gobe ƙaramin ƙarfi zai ji shi baƙo ne a gidan ubansa. Kyautar da ta zo da sharaɗin a kori wane ko a toshe ƙofar wance, mayar da ita ya fi alheri.

Sai mu ƙara da faɗakarwa a kan zakka. Tana da mutanenta kashi 8 waɗanda Suratut Tauba, aya ta 60, ta lissafa. Ba a gina katanga da ita, ba a biyan kuɗin famfon gida da ita, ba a kuma ba da ita ga wanda ciyar da shi yake wajibi a kan mai fitarwa. Ɗan'uwa matalauci wanda ba ya cikin waɗannan, ana iya ba shi a hannunsa, ya yi abin da ya ga dama.

NA UKU: RANCE

Rance shi ne abin da mutum ya fitar domin gida ya mayar masa. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, wato ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ba ta kuma keɓe ƴan'uwan jini ba. Mu kuwa mun mayar da rubutu tsakanin wa da ƙane kamar zargi ne.

A ce wani ƙane yana Abijan, ya aiko da kuɗi aka rufa ɗakuna huɗu da kwano. Shi a ransa in ya dawo za a ba shi wani abu daga gonar gandu. Yayyensa kuwa sun yi masa addu'a sun wuce wurin. Bayan shekara goma Allah ya yi masa rasuwa, ƴaƴansa suka zo da magana, baffanninsu suka ce ba su san da ita ba. Babu maƙaryaci a cikinsu, amma zumunci ya yanke, shi kuma mamacin an bar shi da maganar da ba ya nan balle ya warware. Tambaya ɗaya ranar da kuɗin ya iso, da ta wadatar.

A rubuta adadi, da lokacin biya, da irin kuɗin. Mu da muke kusa da iyakar Kabi da Sakkwato mun san naira da sefa ba su tsaya wuri ɗaya ba, dattawanmu kuma suna tune da watan Janairu na 1994 lokacin da darajar sefa ta ragu da rabi a dare ɗaya. Wanda ya ranta naira, naira ake binsa; wanda ya ranta tiya 20 ta hatsi, tiya 20 zai mayar. Sharaɗin ƙari a kan rance riba ce haramtacciya, ko tsakanin ɗa da uba. Wanda ya shiga ƙunci kuma a jinkirta masa, kamar yadda aya ta 280 ta wannan sura ta umarta.

AMANAR MAI AJIYA

Ba dole ne mai gida ya zama shi ne mai riƙon asusu ba. A zaɓi mutum biyu ko uku, ɗaya ya riƙe kuɗi, ɗaya ya riƙe littafi, ko da ajami ne. Matanmu sun riga mu a wannan fage. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda aka fara a jihar Maraɗi a shekarar 1991, an san su da ƙirga kuɗi a gaban kowa ranar taro. A sa rana, ko bayan kaka ko bayan sallah ƙarama, a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita, a sanar da waɗanda suke cin rani ta waya.

Mai ajiya kuma ya tuna da Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo yana ware wani abu da sunan kyautar da aka yi masa, sai Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari ya yi hani mai tsanani a kan haka. Abin da aka ba mutum saboda yana riƙe da amanar jama'a, na jama'a ne. Tukuicin da magini ko mai sayar da siminti ya ba mai sayayyar gida, asusun gida zai koma.

Idan kyautar fili ce ko gona, kada a tsaya ga shaidar baki kawai. Dokar tsarin karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye, kuma ana samun takardar shaidar kyauta, da ta saye, da ta aro, da ta jingina, ta hannun hakimi da kwamitin gari. A shekarar 2019 kuma Nijar ta yi dokar wakafi. Takarda ba ta rage lada, tana dai tsare niyyar mai alheri bayan ransa.

ABIN DA MUKE KIRA GARE SHI

Muna kira ga kowane mai gida ya tara manyan gidansa, maza da mata, kafin damina mai zuwa. A lissafa hidimomin tarayya, a amince da ma'aunin kowace. Sa'an nan a waiwayi manyan kuɗaɗen da suka shigo a baya tun masu su suna da rai, a tambayi kowa cikin mutunci: abin nan da ka yi wa gida, kyauta ce, ko wakafi, ko rance? Abin da ya faɗa a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. Wanda yake bin bashi ya ga zai iya yafewa, ya yafe a fili, ya huta ya hutar da magadansa. Limamai kuma su taimaka wa gidajen da ba su da mai rubutu, domin sulhu kafin rigima ya fi sauƙi a kan sulhu bayanta.

Allah ya haɗa kawunanmu, ya sa albarka a rumbunanmu, ya dawo da matafiyanmu lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya kiyashe mu tashi ranar ƙiyama da haƙƙin wani a wuyanmu. Allah shi ne Mafi sani.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.